Wutsiyar Takarda

Kai mai gilashi, rage wa akwatin nan murya, magana nake yi. Tun safe nake jin ku kuna cewa aikinmu ba aiki ba ne, wai takardar koke yanzu a shirye take a cikin waya, mutum ya ɗauko, ya canza suna, ya buga. To madalla. Na ga yadda kuka sallami matar nan da ta zo daga Shanga a kan rikicin gonar shinkafa. Kun buga, kun miƙa mata tawada, ta dangwala ta tafi tana sa muku albarka, ko ɗayanku bai karanta mata abin da ta sa wa hannu ba. A zamaninmu da Malam Tanko ya gan ku, wallahi da sai kunnuwanku sun ƙara tsawo. Karantawar nan ita ce sana'ar, bugun kuwa ko biri aka koya wa zai yi. Ita ce kuma ta taɓa kusan jawo a ƙone wa wani dattijo ragarsa ta su a kan layi ɗaya tak. Jawo benci ku ji, ai wuta ma an ɗauke.

Malam Tanko shi ne ubangidana. Teburinsa yana gindin dogonyaro daura da kotu a nan Yelwa, daidai inda kuka ajiye janaretanku. Da ubana ya kai ni wurinsa na ɗauka washegari zan fara bugu. Ina! Na daɗe ban taɓa tafireta ba sai da tsohon buroshin haƙori. In goge haruffa da kananzir, in ɗiga man keken ɗinki a gaɓoɓinta, in ɗauke ta a kai da safe, in mayar da yamma. Ribon, wato ƙyallen tawadar, idan ya bushe ba a yarwa, ana ɗan shafa masa kananzir ya kwana, gobe ya farfaɗo. Kabon kuwa, baƙar takardar da ke fitar da kofi, sai an ga rana ta cikinsa kafin Malam ya yarda ya mutu. Idan ka yi kuskure babu madannin gogewa irin naku, reza ce za ka ɗauka ka kankare a hankali, kuma in ka huda takardar daga abincinka za a cire.

Takardar farko da ya bari na buga ta wani Bakambare ce daga wajen Ngaski, shanu sun shiga masa dawa. Mutumin ya zauna ya zazzage duk abin da ke cikinsa, ya zagi makiyayin, ya zagi shanun ɗaya bayan ɗaya da kamanninsu, ya haɗa da mai unguwa. Ni kuma sabon shiga, na zage na mayar da komai Turanci yadda ya faɗa, ina jin kaina. Malam Tanko ya karɓa, ya duba, ya naɗe ta ya ba mai ƙosai ta ƙunsa masa na karin kumallo. Ya ce, "Garba, kai akawu na ko aku? Mutum shina zuwa da wuta, kai ka mai da ta ruwan sanyi. In zagi anka so, ai bai buƙatar biyan mu."

Shi ya koya mini cewa kowace kalmar ofis tana da ma'ana biyu, wadda ƙamus ya faɗa da wadda za ka tarar idan ka je. Akawu da Turanci kilak ake cewa, kun kuwa san abin da Hausawa suka yi da kalmar har ta zama sunan matan da ba a kai su gaban inna. Malam yakan ce ba abin mamaki ba ne, mu da su duka fara'a muke sayarwa ga wanda ba mu so. Cif kilak a ƙamus shi ne babban akawu. A zahiri mutum ne da ya tsufa a kan kujera ɗaya, yana jin haushin kowa, ciki har da wanda bai riga ya shigo ba. Sakatare an ce asalinsa mai riƙe asiri ne, amma asirin da na taɓa gani ya riƙe guda ne: ya ce maka oga ya fita alhali kana jiyo tarin oga ta bayan labule. Masinja kuma wai ɗan aike, ƙaramin kowa. Kada ku yarda. Fayil ba shi da ƙafa, masinja ne ƙafarsa, in ka raina shi takardarka za ta tsufa a teburin farko.

Sai kalmomin da manya suke ɗigawa a gefen takarda da jan biro. Idan ka ga an rubuta notad, wato an gani, kuma ganin shi ne iyakar abin da za a yi. Fowadad, an tura wa na gaba don shi ma ya gani. Ojent ana nufin gaggawa, mu dai mun sani cewa takardar ɗan'uwan oga ce. Amma wadda ta fi kowace muni ita ce kip-in-biyu. Ƙamus ya ce a ajiye inda ido ke gani. Ni tun da nake ban taɓa ganin idon da ya sake ganinta ba. Takarda idan aka yi mata kip-in-biyu, ka je ka yi wa mai ita gaisuwa kawai.

Mun ga mutane iri-iri a gindin itacen nan. Masu neman takardar shekaru su suka fi ba ni dariya. Ka tambayi dattijo yaushe aka haife shi, sai ya ce lokacin da ruwan dam ya ci tsohon garinsu yana iya tuƙa kwalekwale shi kaɗai. Wata ta ce a goye aka fito da ita. Daga nan sai ka duba haƙori da furfura ka yanka. Mai neman aikin gwamnati yana so a rage, mai neman a ɗauke masa haraji yana so a ƙara. Na taɓa buga wa wa da ƙane a rana ɗaya, da suka tashi tafiya ƙanen ya girmi wan, kuma dukansu sun tafi suna murna.

Takardar koke kuwa, wadda ake kira fetishin, gaɓa uku gare ta a wurin Malam: kai, ciki da wutsiya. Kai shi ne sunan mai ofis da duk muƙamansa, kada ka rage ko ɗaya. Ciki shi ne kukan. Wutsiya ita ce layin ƙarshe kafin suna, yuwa obidiyan saban, wanda Malam yake fassarawa da "bawanka mai biyayya". Turawa suka zo da ita, suka tattara nasu ya nasu suka tafi, suka bar mana ita. Kowa a ofis yana rubuta wa na sama da shi haka. Kuma dokar Malam Tanko, wadda har ya koma ga Allah bai karya ba, ita ce babu yatsan da zai taɓa tawada sai an karanta wa mai shi takardar da Hausa tun daga kai har wutsiya. Yawancin mutane kafin ka kai ƙarshe hankalinsu ya koma kan jirgin da zai bar su, suna goge babban yatsa a riga, ko ka ce jakinka mai biyayya ba za su ji ba.

Shekarar da kainuwa ta rufe tafkin dam ɗin nan ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Lokacin Malam ya rasu, tebur da tafireta sun zama nawa. Ciyawar nan ta shimfiɗu a kan ruwa har kana iya rantsewa gona ce. Jiragen inji daga Warra su taso da asuba, farfela ta naɗe, su iso kasuwa ana watsewa. Kifi ya yi wuya. Ku kuna ganin me ya haɗa akawu da kifi? To in masunci bai kama ba, ba ya sayen fili, ba ya ƙara aure, ba ya ma iya kai ƙarar maƙwabcinsa, don rigima ma sai da ƙoshi. Mukan wuni muna korar ƙuda. Har ta kai na fara buga wa 'yan makaranta wasiƙun soyayya, abin da Malam ya ce ko yunwa za ta kashe shi ba zai yi ba.

Ana cikin haka sai wani ofishi ya tashi kama raga mai ƙananan ido, irin wadda ke kwashe har 'ya'yan kifi. Wannan kam gaskiyarsu ce. Amma yaran da aka tura ba su tsaya aunawa ba. Sun isa wani ƙauye a gaɓar tafki ta wajen Warra, suka tarar da raguna a shanye, suka kwashe duka suka loda a mota. Aka yi shela cewa wanda yake ganin tasa halattacciya ce ya kawo koke a rubuce, in ba haka ba washegarin kasuwa ta gaba za a cinna wa tulin wuta a gaban jama'a. Ranar da shelar ta bazu na yi bugu har yatsuna suka sage, na ce ashe Allah bai manta da akawu ba.

Can da hantsi sai ga wani dogon dattijo, Basarke, wato cikin masunta na gado, fari fat da furfura, tafin hannunsa duk a tsage. Baba Jatau sunansa. Na nuna masa benci, ya dube shi kamar na nuna masa kashin kaji, ya tsaya a tsaye.

"Kai na akawun?"

"Ni na, Baba. Sannu da zuwa. Ya ruwa?"

"Ruwa ya ɓaci. Rubuta. Ka ce masu ɓarayi na."

Na lallaba shi har na ji cikin maganar. Tasa kalli ce, ragar da ake shimfiɗawa a ruwa a bar ta ta kwana, kuma idonta yatsa huɗu na shiga, babu ɗan kifin da zai tsaya a ciki. Ita kaɗai gare shi. Gidansa akwai jikoki marayu, kuma tun da aka ɗauke ta rabon wasu yake bi, a ba shi na miya. In aka ƙone ta, a shekarun nan nasa da wannan shekarar, ba shi da hanyar sake wata.

Na zuba takarda da kabon na yi aikina. Ɓarayi suka koma "ma'aikatanka masu ƙwazo waɗanda bisa kuskure". Na bayyana faɗin idon ragar, na ambaci marayu, na ɗaura wutsiya, na zare. Sannan na gyara murya na fara karanta masa.

Tun a "masu ƙwazo" ya fara hura hanci. "Ni nic ce haka?" Na ce haka ake cewa ɓarayi da Turancin ofis. Ya haɗiye. Da na zo "ina roƙo cikin ladabi" ya yi tsaki, amma ya bari ta wuce. Na ga mun kusa tudu, na buɗe tawada da hannu ɗaya, na karanto layin ƙarshe da sauri.

"Tsaya. Mi kac ce?"

"Bawanka mai biyayya, Baba. Sai sunanka a ƙasa."

"Bawan wa?"

"Na mai ofis."

"Ɗan wa na shi?"

Na ce ban san ubansa ba, baƙo ne, an turo shi ne daga sama. Baba Jatau ya ja hannunsa ya mayar cikin aljihu, kamar tawadar za ta yi tsalle ta kama shi.

"Yaro, ubana bai yi bauta ba, kakana bai yi ba. Da anka tashe mu daga tsohon gari don ruwa, mun bar kusheyin iyayenmu mun hau tudu, ko sannan ba mu ce ma kowa mu bayinai na ba. Ragata ta anka ɗauka. A ɗauki kayana, sannan in kira kaina bawa don a ba ni abina?"

Na ce to wataƙila fassarar ce ta yi nauyi, a ce baranka. Ya ce, "Bara? Shi ka ci da ni?" Na ce yaronka. Ya kama gemunsa ya ɗago mini shi har kusa da hanci. Na ce hadiminka, ya ce shi ba almajirin shehin kowa ba ne. Mutane sun fara taruwa, mai ƙosai har ta bar kaskonta. Na rage murya na ce, "Baba, don Allah. Wagga magana ba a nuhin komi da ita. Shi kansa mai ofis haka shika rubuta ma na sama da shi. Ado na kawai."

"In ba a nuhin komi, cire ta."

Tabɗi. Na gaya masa gaskiya cewa takarda ba wutsiya ba ta tafiya, na rantse masa, na haɗa shi da jikokinsa. Ya ce in cire ko ya tafi wurin wani. Wani wa? Duk garin mu biyu ne, kuma ɗayan kurma ne. Na sake zuba sabuwar takarda, na buga komai, na tsaya a kan sunansa tsirara. Ya dangwala da ƙarfi har yatsan ya fito a kofi na ƙasa, ya tafi yana taku ɗai-ɗai.

Masinjan ofishin abokina ne, Ɗanladi, wani mai tsohon keke da ba ya hawa sai turawa. Shi ya kawo mini labari da yamma. Ya ce cif kilak ɗinsu ba ya fara karanta koke daga sama, ƙasa yake fara dubawa, kamar mai sayen akuya. Da ya duba ta Baba Jatau bai ga wutsiya ba, sai ya juya bayan takardar ko tana can. Cif kilak ya ce wannan umarni yake ba mu ko roƙo? Ya zaro biro ya yi mata kip-in-biyu, ko cikin bai karanta ba. Sauran masu halattacciyar raga da na buga wa a ranar, duk an sa hannu a ba su abinsu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da dattijon nake fushi, ba da cif kilak ba, don shi na riga na san halinsa. Na ba direban jirgin Warra saƙo ya kai: takarda ta mutu, in ana son raga a zo a sake wata, kuma da wutsiyarta.

Ranar kasuwa, wadda washegarinta za a cinna wuta, sai ga Baba Jatau. Ba shi kaɗai ba. A gabansa wata 'yar guntuwar tsohuwa ce da kwandon bandar kifi a kai, idanunta jajur saboda hayaƙi. Inna Kulu ke nan, matarsa. Ta sauke kwandon a kan teburina, daidai kan kabon ɗina, ta zauna a bencin da mijinta ya raina.

"Akawu, ina kwana? Karanta mani wurin da yat tsaya ma Malam maigidana a wuya."

Na zaro tsohuwar takardar da ya ƙi, na karanta mata layin. Ta jira ko akwai saura. Da ta ga na yi shiru sai ta tafa hannu.

"Shi ke nan? La ilaha illallahu! Ni na ɗauka cewa anka yi shi ba da ɗiya. Kwana da kwanaki Malam ba shi barci, ba shi cin tuwo, ashe kan wanga na?"

"Kulu, ba ki gane ba," in ji Baba Jatau daga tsaye.

"Na gane sarai, Malam. Na gane rumbu babu komi. Na gane bandar ga da kag gani kihin mutane na, aikatau nika yi. Sa hannu mu tahi."

"Ba ni sawa. Su ƙone ta."

Inna Kulu ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta juyo gare ni.

"Akawu, mace na iya sa hannu ga irin wagga takarda?"

Na sosa ƙeya. Ban taɓa bugawa mace koke a kan raga ba, amma ban san dokar da ta hana ba. Na ce sai dai in tana da haƙƙi a ciki.

"Haƙƙi? Awakina anka sai da anka sawo zaren. Ni nib bi na matse mata darma ɗaya-ɗaya. Cire sunan Malam ka sa nawa."

Na ce, "Inna, ai wutsiyar tana nan. Ke ma sai kin zama baiwarsa mai biyayya."

"Baiwa, baranya, jaka, sa duk wadda ta hi saurin tahiya. Tun ina yarinya nika hura wuta, ni ka ɗebo ruwa, ni ka daka, ni ka banda har idona yal lalace. Babu wanda yar rubuta, babu wanda yac ce sannu. Yau ko an rubuta, ai ana maido mani da wani abu."

Mai ƙosai ta yi guɗa, wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don ina ganin fuskar dattijon. Ya ce, "Kulu, in kin sa hannu..."

"In na sa, sai mi, Malam?"

Ya juya mana baya yana kallon gindin dogonyaro kamar bai taɓa ganin itace ba. Tausayinsa ya kama ni, tausayinta ya fi.

Ban taɓa buga takarda da natsuwa irin wannan ba. Na sa sabon kabon, wanda nake ɓoyo don manyan mutane. Na jera wa mai ofis muƙamansa har da wanda bai riga ya samu ba. Da na gama na fara karanta mata, kamar yadda doka ta ce. Da na iso wutsiya na sassauta murya don kada ta kai kunnen mai kallon itace. Ta ce, "Ɗaga murya, Akawu, ba sata nika yi ba." Na ɗaga. Kafaɗar Baba Jatau ta motsa, amma bai juyo ba.

Dangwalen ma sai da ya ba mu wuya. Yatsanta na dama wuta da ƙayar kifi sun cinye zanensa, in ta danna sai ya fito baƙi sumul kamar an ɗiga kwalli. Muka koma na hagu, shi ma da ƙyar.

Ɗanladi ya karɓa, kuma ranar nan na ga ya hau kekensa. Kafin azahar ya dawo yana haki. Cif kilak ya duba ƙasa ya ga wutsiya, ya hau sama ya karanta, ya shigar wa oga, oga ya ɗiga rilis da jan biro, wato a saki. Ita ce kalmar ofis guda da na sani wadda ƙamus da zahiri suka yarda da juna a kanta. Sai dai mai sito ba ya ba kowa kaya sai wanda yatsansa ke jikin takarda, kuma da shaida. Na rufe tafireta na bar wa mai ƙosai tsaro, na bi su.

A bakin ƙofar ofishin Baba Jatau ya ja birki. Ya ce ƙafarsa ba ta taka cikin gidan nan. Muka bar shi a rana muka shiga.

Ragunan suna tule a bayan sito, ruwan sama ya dake su, wari kamar me. An ma riga an ajiye jarkar kananzir a gefe don gobe. Na ce yaya za a gane ta a cikin wannan tarin? Inna Kulu ta zagaya sau ɗaya ta nuna. Abin da ke sa ragar ta yi iyo a ruwa guntayen tsofaffin silifas ne, kuma ta ce rabinsu nata ne, ta san ƙafarta. Mai sito ya zura yatsu a ido, huɗu suka shige har da saura, ya girgiza kai ya ce a ɗauka.

Ɗaukar ce magana. Jiƙaƙƙiyar kalli da darmarta ba kayan tsohuwa ba ce. Muka ƙudundune ta muka ɗaure. Inna Kulu ta tsuguna, muka ɗaga mata ni da mai sito, wuyanta ya lanƙwashe, muka yi maza muka sauke. Ta sake cewa a ɗora, muka ƙi. Ni kuwa kun gan ni, tun ina saurayi abin da ya fi tafireta nauyi ba nawa ba ne. Muna cikin shawarar a nemo mai baro sai inuwa ta rufe mu.

Baba Jatau ne. Bai dubi mai sito ba, bai dube ni ba, bai dubi matarsa ba. Ya cire rawaninsa ya naɗe shi gammo, ya ɗora a kai, ya durƙusa. Muka ɗora masa. Ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ruwan ragar yana bin furfurarsa zuwa cikin riga.

Hanyar bakin ruwa ta cikin kasuwa take, kuma ranar kasuwa ce. Inna Kulu tana gaba da kwandonta, takardar saki a soke a ɗaurin zane. Shi yana biye, kai ba rawani, kaya sun danne shi har ba ya iya waiwaye. Ni ina baya. Muka ratsa 'yan gishiri, muka ratsa 'yan tukwane, mutanen ƙauyensu da suka san labarin suna kawar da kai don kunya.

Daidai rumfunan albasa wani matashin ɗan kasuwa, baƙo, yana zaune a kan buhu yana kaɗa ƙafa. Ya ga tsoho da kaya yana bin mace, sai ya ƙyasta yatsa.

"Kai, tsoho! In ka sauke wannan ka dawo ka kai min buhu biyu tasha."

Baba Jatau ya tsaya cak. Ba ya iya juya wuya, idanunsa kawai na ga sun rufe. Kafin in buɗe baki Inna Kulu ta dire kwandonta a ƙasa, ta dawo da baya, ta tsaya a gaban yaron har yatsanta mai tawada yana kusan taɓa masa hanci.

"Kai, marar kunya, buɗe idonka da kyau! Wanga mijina na. Ba bawan kowa na ba."

Dattijon ya ɗaga hannu ya gyara kayan a kansa, ya jira ta ɗauki kwandonta, ya bi bayanta suka gangara bakin ruwa.